Ƙaura daga New York zuwa Texas: Harajin da 'yan uwanmu ke zaton sun baro a baya

Wajen ƙarfe biyun dare wayata ta yi ƙara. Taubashina ne, ɗan kawuna da ke aikin jinya a Amurka, wanda har yau ya ƙi yarda cewa idan magariba ta yi a Houston, mu nan Kaduna mun daɗe da yin barci.

"Malam ɗan jarida, ba kai ne ka san komai ba? To ga tambaya," in ji shi. A ranar ƙarshe ta watan Yunin 2025 ya tattara kayansa ya bar unguwar Bronx da ke New York ya koma Texas. Yanzu lokacin cike takardun haraji ya zo, wa'adin 15 ga Afrilu na matsowa, kuma a wani zauren WhatsApp na 'yan gida an raba masa hankali. Wasu sun ce ya nemi a rage masa harajin albashin da ya biya New York. Wasu sun ce a'a, tun da yanzu shi ɗan Texas ne, harajin sayen kaya zai nema. Wani gwani kuma ya ce ya haɗa duka biyun, "ai babu mai dubawa".

Ni aikin jarida na karanta, ba akanta ba ne. Amma tambayar ta sa na shafe kwanaki ina karanta bayanan da hukumar tara haraji ta Amurka, wato IRS, ke fitarwa, kuma na fito da ra'ayin da bai yi wa taubashin nawa daɗi ba. Tambayar da ta hana shi barci ita ce mafi ƙanƙanta a cikin lamarinsa. Wadda ya kamata ta hana shi barcin ko tunaninta bai yi ba.

Dalilin da ya sa abin ke rikita ɗan Najeriya

Mu nan gida doka ɗaya ce ta tarayya ke faɗin nawa za a cire daga albashi, ko kana Sakkwato ko kana Fatakwal. Jihohi karɓa kawai suke yi, kuma jihar da ma'aikaci yake zaune ita ke da haƙƙin kuɗin. Shi ya sa harajin mai kwana a Mararaba yana aiki a Abuja na jihar Nasarawa ne. Harajin VAT kuwa kashi 7.5 cikin 100 ne a ko'ina. Saboda haka ɗan Najeriya bai saba tunanin cewa sauya jiha na iya sauya abin da zai biya ba.

A Amurka ba haka ba ne. Kowace jiha da dokarta. Akwai jihohi tara da ba sa karɓar haraji kan albashi kwata-kwata: Alaska, Florida, Nevada, New Hampshire, South Dakota, Tennessee, Texas, Washington da Wyoming. A Kalifoniya mai kuɗi sosai yana iya biyan kashi 13.3 cikin 100. A Pennsylvania kowa kashi 3.07 yake biya. A birnin New York kuwa jiha ta cira, birni ma ya cire nasa, wanda ke kaiwa kashi 3.876.

Texas ba sadaka take yi ba. Abin da ba ta karɓa daga albashi tana karɓarsa a kanti da kuma kan gidaje. Harajin sayen kaya na jihar kashi 6.25 ne, kuma da na ƙananan hukumomi yana kaiwa 8.25 a Houston. A birnin New York ya ma fi haka, 8.875.

To bayan duk wannan sai gwamnatin tarayya ta zo ta karɓi nata. Sai dai tun daga dokar harajin kuɗin shiga ta 1913 an yarda mutum ya cire abin da ya biya jiha da ƙaramar hukuma daga kuɗin da tarayya za ta yanka wa haraji. Wannan ragin ne ake kira SALT a taƙaice. A 1986 an soke ɓangaren harajin sayen kaya, abin da ya bar mutanen jihohi irin su Texas da Florida hannu rabbana. A 2004 aka dawo da shi na wucin gadi, aka yi ta sabuntawa, har zuwa 2015 da aka mayar da shi na dindindin. Amma da sharaɗi: ko ka cire harajin kuɗin shiga, ko ka cire na sayen kaya. Ba a haɗa biyun a shekara ɗaya, ko da jihohi uku ka zauna a cikinta.

Wato shawarar gwanin WhatsApp ta faɗi tun daga nan.

Yadda lissafin yake

Zaɓin yana kan fom ɗin da ake kira Schedule A. Idan ka zaɓi harajin kuɗin shiga, za ka tara duk abin da ka biya kowace jiha da kowane birni a cikin shekarar. Yawancinsa yana rubuce a takardar W-2 da wurin aikinka ke ba ka.

Idan ka zaɓi na sayen kaya, hanya biyu ce. Ko ka tara rasit ɗinka na shekara guda cur, abin da ban taɓa jin Bahaushen da ya yi ba, ko ka yi amfani da jadawalin da IRS ta tanada, wanda ke ƙiyasta maka adadi bisa ga kuɗin shigarka da yawan iyalinka da jihar da kake. Wanda ya yi ƙaura sai ya raba shekarar da kwanaki. Taubashina ya yi kwana 181 a New York, kwana 184 a Texas. Zai ɗauki adadin New York ya ninka da 181 ya raba da 365, ya yi wa na Texas haka da 184, sannan ya haɗa. A kan wannan jimlar an yarda ya ƙara harajin manyan sayayya irin su mota ko jirgin ruwa.

Mu yi misali da alƙaluma masu kama da nasa. A ce a wata shidan farko jiha da birnin New York sun cire masa dala 3,600. A ce jadawalin ya ba shi dala 1,200 na shekara duka, sannan da ya isa Houston ya sayi mota ta dala 28,000, domin garin ba ya zaunuwa babu mota. Harajin motar a kashi 6.25 ya kama dala 1,750. Jimla 2,950. Ka ga harajin kuɗin shiga ya fi da dala 650, shi zai zaɓa. Da a ƙarshen Fabrairu ya tashi, da abin da New York ta cire bai wuce dala 1,200 ba, sai na sayen kaya ya yi rinjaye. Watan da ka tashi da abin da ka saya bayan ka sauka su ke yanke hukunci, ba jihar da kake kwana ranar da kake cike fom ba.

Har zuwa nan yana ta "ƙwarai, ƙwarai". Sai na tambaye shi: gidan da kake ciki naka ne ko haya?

"Haya mana. Ka ɗauka ni Ɗangote ne?"

A nan maganar ta rushe. Duk wanda zai cike takardar harajin tarayya yana da wani zaɓi da ya riga wancan. Ko ya karɓi ragin bai-ɗaya da ake ba kowa ba tare da ya nuna ko rasit ɗaya ba, ko ya lissafo abubuwan da ya kashe dalla-dalla. Na shekarar 2025 ragin bai-ɗayan dala 15,750 ne ga mutum ɗaya, dala 31,500 ga ma'aurata da suka cike tare. Maganar SALT ba ta tasowa sai ga wanda ya ɗauki hanyar dalla-dalla, kuma babu mai hankalin da zai ɗauke ta sai jimlarsa ta haura ragin bai-ɗayan. Kusan mutum tara cikin goma a Amurka na bai-ɗayan suke karɓa.

Taubashina yana da dala 3,600 na haraji, da kusan 1,500 da ya bayar a masallacin unguwarsu. Dala 5,100 ke nan a gaban 15,750. Ya ce to kuɗin da yake turo wa gida fa, na abinci da makarantar ƙannensa da maganin Baba? Na ce Allah Ya ba da lada, amma IRS ba ta san da su ba. Abin da ka ba ɗan uwanka ba ya shiga lissafi, haka ma yawancin abin da ka ba ƙungiyar da ba a Amurka aka yi mata rajista ba. Kuɗin ɗaukar kaya daga jiha zuwa jiha ma tun dokar 2017 aka daina cire wa farar hula, sojoji aka bar wa.

Ko da a ce ya sayi gida a Houston, ya biya kuɗin ruwan bashin gida dala 9,000 da harajin gida 4,000, jimlarsa za ta zama 18,100. Ya haura ragin bai-ɗaya da dala 2,350. Kuma ragi ba kuɗi ne da ake miƙo maka a hannu ba, rage adadin da za a yanka wa haraji kawai yake yi. Ga mai albashi irin nasa da ke kan matakin kashi 22 cikin 100, ribar ba ta wuce dala 517 ba. Bambancin dala 650 ɗin nan da ake ta cacar baki a kai a zauren WhatsApp kuwa, dala 143 ne kacal a aljihu.

Wa aka yi wa wannan doka?

Da farko na ɗauka sharaɗin "zaɓi ɗaya" zalunci ne ga mai ƙaura, tun da ya biya duka biyun. Da na sake dubawa sai na ga wanda bai motsa daga New York ba ma duka biyun yake biya, ɗaya yake cirewa. Mai ƙaura bai fi shi asara ba. Inda rashin adalcin yake daban ne.

Dubi rigimar da 'yan siyasar Amurka suka shafe shekara takwas suna yi. Dokar haraji ta 2017, a zangon farko na Donald Trump, ta ƙayyade ragin SALT a dala 10,000. Jihohin New York, New Jersey, Connecticut da Maryland suka garzaya kotu a 2018, suka sha kaye, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar. Sai a dokar da Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 aka ɗaga iyakar zuwa dala 40,000, bayan 'yan majalisar jam'iyyar Republican daga New York irin su Mike Lawler sun kafe. Iyakar tana fara raguwa ga mai samun sama da dala 500,000, za ta riƙa ƙaruwa da kashi ɗaya cikin 100 duk shekara har 2029, sannan a 2030 ta koma 10,000.

Wane ma'aikacin jinya ne ko direban Uber ke biyan jiha dala 40,000 a shekara? Wannan faɗan masu gidaje ne da likitoci da lauyoyi. Mai haya, wanda mai gida ya riga ya cusa masa harajin gidan a cikin kuɗin haya, ba ya ganin ko sisi. A nawa ra'ayin, ragin da tara cikin goma ba sa taɓawa bai cancanci hayaniyar da ake yi a kansa da sunan talaka ba.

Akwai rukuni ɗaya na mutanenmu da maganar ta shafa kai tsaye, kuma su ne ba a cika yi musu bayani ba: ɗalibai. Wanda ya shiga da bizar karatu ta F-1, a shekaru biyar na farko yawanci dokar haraji ba ta ɗaukarsa mazaunin ƙasa. Fom ɗinsa 1040-NR ne, kuma ba shi da ragin bai-ɗaya. Don haka duk dalar da jiha ta cire masa daga albashi tana da amfani a lissafinsa tun daga ta farko. Amma shi ba a ba shi zaɓin harajin sayen kaya ba. Ɗalibin da ya gama karatu a Maryland ya samu aiki a Dallas zai cire abin da Maryland ta karɓa, abin da ya biya a kantunan Texas kuwa ya tafi ke nan. Idan akwai wanda aka yi wa ƙwange a tsarin nan, shi ne. Kuma da yawansu abokai ke ba su shawarar cike fom ɗin mazauna ƙasa don a maido musu da kuɗi mai kauri, wanda kuskure ne da kan biyo mutum har gaba.

Tambayar da bai yi ba

Muna cikin hira ya ambata, kamar ba komai ba, cewa ɗakinsa na Bronx har yanzu da sunansa yake. Wasu samari biyu 'yan gida ya bar wa, su ke biyan haya, amma mabuɗi na hannunsa da wasu kayansa a ciki. A watan Nuwamba ma da ya je sunan ɗan abokinsa, a nan ya kwana huɗu.

Na ce maimaita.

Jihar New York ba ta sakin mutum don kawai ya ce ya tashi. Tana da ƙa'idar da ta ce duk wanda ke riƙe da wurin zama na dindindin a jihar kusan duk tsawon shekara, kuma ya yi fiye da kwana 183 a cikinta, mazauninta ne a wajen haraji, ko da ya kai gidansa wata jiha. Kuma a ƙirgensu ko wani ɓangare na yini ka yi, an lissafa maka kwana. Kwana 181 da huɗu nawa ke nan? 185.

Idan jihar ta riƙe shi da wannan, za ta iya neman haraji kan duk abin da ya samu a shekarar, har da albashin Houston. Da a ce jihar da ya koma tana karɓar harajin albashi, da an rage masa abin da ya biya can. Texas ba ta karɓi komai ba, don haka babu abin ragewa. Muna maganar wasu dala dubu uku da ɗoriya, ban da tara da kuɗin jinkiri. Mutumin da ya hana ni barci a kan dala 143 ga abin da ke kwance a ƙarƙashin gadonsa.

Manya sun san wannan. Trump kansa ya mayar da mazauninsa daga New York zuwa Florida a 2019. Elon Musk ya bar Kalifoniya ya koma Texas a 2020. Irinsu ba sa motsawa sai da lauyoyi da akantoci masu ƙirga musu kwanaki. Namu kuwa sai ya cika mota da kaya ya kama hanya, ya bar lasisin tuƙi da adireshin banki da yarjejeniyar haya duk a tsohuwar jiha, don zumunci ko don "wa ya sani ko zan dawo". Zumuncin ba laifi ba ne. Rashin sanin farashinsa ne matsalar.

Ko babu wannan tarkon, wanda ya tashi a tsakiyar shekara sai ya cike takardar mazaunin ɓangaren shekara ta jihar da ya bari. A New York sunanta IT-203. Mutane da yawa ba sa yi, suna ganin sun bar garin, alhali sau da yawa a nan ne ma rarar kuɗinsu take. Mai aiki ta intanet kuma ya ƙara lura: idan kamfaninka na New York ne, kai kuma don jin daɗinka ka koma wata jiha kana yi musu aiki daga gida, jihar na ci gaba da ɗaukar albashin a matsayin wanda aka samu a cikinta.

Sai wasu ƙananan abubuwa biyu. Haraji a shekarar da ka biya shi ake cire shi, don haka cikon da za ka biya tsohuwar jiharka a Afrilun 2026 na lissafin 2026 ne. Sannan idan ka cire harajin kuɗin shiga ta hanyar dalla-dalla, daga baya jihar ta maido maka da rara, wannan rarar na iya zama kuɗin shiga a shekara mai zuwa. Takardar 1099-G za ta iso ta tuna maka.

Masu cika fom na unguwa

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin shi ne mutumin da taubashina ya saba kai wa takardunsa. Wani ne a unguwarsu ta da, mai kwamfuta a falo, da ya yi suna wajen "fito da kuɗi masu yawa". Ladansa kaso ne daga abin da aka maido. Da na ce ya duba takardar bara ya ga ko mutumin ya sa hannu, sai ya tarar babu sunansa ko'ina. An rubuta kamar taubashin nawa ne ya cike da kansa.

Doka ta wajabta wa duk mai cika wa wani takardar haraji don kuɗi ya sa hannu ya kuma rubuta lambarsa ta PTIN. Wanda ya ƙi yin haka ya san abin da ya cusa a ciki. Irinsu ne ke ƙirƙiro sadakar da ba a bayar ba, su haɗa harajin albashi da na sayen kaya, don jimla ta haura ragin bai-ɗaya. Ranar da wasiƙar IRS ta zo, mai sa hannu ake nema.

Ga baƙo kuwa abin ya wuce kuɗi. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko ana bin ka bashin harajin tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma. Mutum ya shekara goma yana aikin dare, yana ciyar da gida biyu, sannan a ce takardar da wani ya cike masa a falo cikin minti ashirin ce za ta tsaya masa a gaba. Ga shi akwai shirin VITA da ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa, kuma wanda ya gano kuskure a takardarsa ta baya yana iya gyarawa da fom 1040-X, yawanci cikin shekara uku idan kuɗi yake nema a maido masa.

Na san za a ce akanta mai lasisi yana da tsada, kuma mai turo kuɗi gida kowace dala tana da mai jiran ta, balle yanzu da tun 1 ga Janairun 2026 aka fara cire kashi ɗaya cikin 100 daga kuɗin da aka kai tsaba a tura waje. Gaskiya ne. Ban ce kowa ya nemi akanta kowace shekara ba. Mai albashi ɗaya a jiha ɗaya ba ya buƙata. Amma shekarar da ka yi ƙaura daban take, ita ce shekarar da ya kamata ka biya wanda ya san aikin.

Taubashina ya cire sunansa daga yarjejeniyar hayar a watan Janairu, abin da zai taimake shi a bana amma bai goge bara ba. Ya samu wata akanta a Houston da ta san dokokin New York, ta ce ya kawo tikitin jirginsa na Nuwamba da takardar fara aikinsa da yarjejeniyar sabon gidansa, ta ga ko ɗakin Bronx ɗin zai shiga ma'anar wurin zama na dindindin tun da wasu ne ke ciki suna biya. Ta kuma gaya masa cewa idan lokaci ya ƙure za a iya neman ƙarin wa'adin cikewa zuwa 15 ga Oktoba, amma kuɗin da ake bin sa dole ya biya kafin 15 ga Afrilu ya wuce.

Ragin bai-ɗaya zai karɓa. Jiya ya sake kira na, ƙarfe ɗaya da rabi na dare, wai in tambayi Baba ko ya ga kuɗin maganin da ya turo.